A Bakin Mai Ita: Makaɗi da Rayuwar Waƙar Baka

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin digiri da aka rubuta a kan Mamman Shata ya san abin takaicin da ke jiransa a shafukan ƙarshe, inda ake kira rataye. A nan ɗalibi yake zuba waƙoƙin da ya saurara ya kwafe, layi bayan layi, kowane ɗa da lambarsa. Ka karanta shafi biyu ko uku sai ka fara tambayar kanka, wai wannan ne mutumin da ya riƙe kunnen ƙasar Hausa fiye da shekara hamsin? Sunan wane, sunan ubansa, garinsu, abin da ya bayar, sai amshi. A sake ambaton wani, sai amshi. Ɗalibin bai yi ha'inci ba, kalmomin ke nan yadda suka fito daga kaset. Shata ne kawai ba ya cikin shafin.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a ganina sun yi sassauci. A waƙar baka, in aka cire bakin mai ita, abin da ya saura bai isa a kira shi waƙa ba. Tamkar a miƙo maka ƙullin kuka da daddawa ne a ce ga miya. Dalilin haka yana cikin yadda ake gina waƙar tun daga tushe.

Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya tsara wa manazarta kalmomin da suke aiki da su har yau. Waƙa tana da gindi, wato 'yan layukan nan da 'yan amshi ke komawa gare su, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke zubawa tsakanin gindi da gindi. Gindi ne kaɗai a kafe. Ɗiya kuwa suna hannun jagora: ya gabatar da wannan, ya jinkirta wancan, ya zubar da wani gaba ɗaya, ya haifi sabo yana tsaye. Waƙar da ta ɗauki minti takwas a gidan rediyo tana iya cin rabin sa'a a filin biki, in dare ya yi daɗi kuma masu hannu da shuni sun hallara. Bakandamiyar Shata ita ce misalin da kowa ya sani. Masu tara kaset suna da ita kala-kala, kowace da tsawonta, wata da ɗiyan da babu su a wata, domin mutumin ya yi shekaru yana yin ta, kuma rayuwarsa ba ta tsaya ba balle waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta ta tsaya. Wanda ya tambaye ka wacce ce ta ainihi a cikinsu ya yi tambayar da ba ta da wurin zama. Kowace ta ainihi ce a daren da aka yi ta.

Me ke sa jagora ya sauya? Idonsa. Makaɗin Hausa yana waƙa ne da ido a buɗe, yana karanta fili. Ya ga wani alhaji ya shigo an shimfiɗa masa darduma, nan take ya san ko shi wane ne, wa ya haife shi, da wa yake takun saƙa a wurin. In bai sani ba, akwai wanda aikinsa ke nan ya raɗa masa. Aka yi kyauta, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da ita, doki ne ko riga ko kujerar Makka, kafin ya rufe baki kyautar ta shiga waƙa ta zama ɗa. Wani da ke gefe ya ji an ɗaga abokin hamayyarsa, ya zabura ya ninka, shi ma ya sami nasa ɗan. Saboda haka jerin sunayen nan da ke gundurar mai karatu a takarda, a fili su ne inda zuciya ke bugawa, kowa ya kasa kunne ya ji wa za a kira, wa za a tsallake. Tsallakewar ma magana ce, wani lokaci ta fi zagi ciwo, kuma babu yadda za a rubuta ta.

Sai kiɗan kansa. Kalangu, wanda a al'ada kiɗan mahauta ne kafin Shata ya shiga da shi ko'ina, ganga ce mai magana. Makaɗi yana rataye shi a hammata, ya matse tsarkiya sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, ta haka yake bin hawa da saukar muryar Bahaushe har mai sauraro ya ji kalma a cikin fata. Makaɗan Shata suna amsa masa ne da hannu kamar yadda 'yan amshi ke amsa masa da baki. Shi kuwa abin da ya fi kowa a kai, in an tambaye ni, sanin lokacin shiga ne. Akwai waɗanda suka fi shi zaƙin murya. Amma saurari yadda yake barin kalangai su yi ta gudu shi yana shiru, har ka ɗauka ya manta da ku, sannan ya faɗo da kalma ɗaya daidai inda ba ka zata ba. Saurari yadda yake jan wani suna, ya guntule wani, ya jefa magana kamar hira yake yi da na kusa da shi, ya koma kan karin ba tare da ya yi tuntuɓe ba. An sha faɗa cewa ba ya zama ya shirya waƙa a gida, kuma wanda ya saurare shi da kyau ba zai yi gardama ba, domin ana jin tunanin yana faruwa a lokacin. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, wannan gwanintar ta karrama, ko da kuwa abin da ke cikin ɗakunan karatunta kalmomin ne kawai.

A fada abin ya fi haka tsanani. Ibrahim Narambaɗa a gaban Sarkin Gobir na Isa Amadu, Salihu Jankiɗi a gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru a gaban Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, dukkansu aikinsu biyu ne a waƙa ɗaya: su ɗaga ubangida, su kuma danne masu hangen kujerarsa. Na biyun da zambo da habaici ake yin sa, kuma ƙa'idarsa ita ce ba a kama suna. A siffanta mutum da wata dabba, ko tafiyarsa, ko gemunsa, ko rowarsa, a wuce. Yau muna jin waɗannan ɗiyan a waya muna murmushi saboda iya sarrafa harshe. A ranar da aka yi su kuwa, wanda ake nufi yana zaune a cikin fadar, naɗe da rawani, kowa ya san shi ne, kowa yana satar kallonsa, shi kuma ba shi da ikon ya motsa domin motsi amsa laifi ne. Makaɗin yana iya juya fuska wajensa, yana iya ƙin juyawa, yana iya maimaita ɗan sau uku in ya ga ya shiga. Wannan hatsari ne na gaske ga mai yin sa, domin ɗan sarkin da ka yi wa zambo yau yana iya zama sarki gobe. Rabin ƙarfin waƙar fada daga wannan hatsarin yake fitowa.

Kada a ɗauka kuma mai raya waƙa mutum ɗaya ne a kullum. Ƙungiyar Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ita ce hujja. A wurin Shata, 'yan amshi suna riƙe gindi ne su maimaita shi, jagora ya yi sauran aikin. A wurin Ɗanƙwairo, jagora yakan ɗauko layi ya sake shi a tsakiya, yara su cafe su ƙarasa, wani ɓangare ya miƙa wa wani, su yi ƙari daga nasu, su raka shi har gindi. Gusau ya ba waɗannan dabaru sunaye, irin su ƙari da rakiya da karɓeɓeniya da bayayyeniya. Ga kotso a hannunsu suna bugawa da yatsu suna waƙar a lokaci guda. Irin wannan ba ya yiwuwa sai da zama a gida a ƙulla waƙa, a yi ta bita har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, kuma galibinsu jini ɗaya ne, tare suka tashi. Shi kansa Ɗanƙwairo a ƙarƙashin mahaifinsa da yayansa Abdu Kurna ya yi amshi kafin ya ja ƙungiya. Amma duk da shirin, in ka saurari waƙa ɗaya da suka yi a wurare biyu za ka ji bambanci, domin shirin bai hana jagora ya ga fili ba, ya dai ba shi mutanen da duk inda ya karkata za su tare shi. A takarda ana rubuta “Jagora” da “'Yan amshi” a gefen layi, shi ke nan. Yadda muryoyi shida ko bakwai ke hawa kan juna su sauka tare, sai dai kunne.

Can ɗaya gefen kuma ga Ɗanmaraya Jos, Adamu Wayya, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai da kuntiginsa: ɗan gwangwani da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya tal. Ba ɗan amshi, ba sanƙira, ba ubangidan da ake jira ya yi kyauta. Kayan kiɗan da ya fi wannan talauci da wuya a same shi, kuma da shi ya zaga duniya. A waƙoƙi irin su Jawabin Aure da Gulma Wuya shi ne miji, shi ne mata, shi ne tsohuwar da ke kai gulma, yana sauya murya daga wannan zuwa wancan, kuntigin yana cike gurbin da amshi zai cike. Wasan kwaikwayo ne cikakke a maƙogwaron mutum ɗaya. Ba wa wani kuntigin da kalmomin, ka ce ya yi. Zai faɗi abin da Ɗanmaraya ya faɗa game da auren dole ko wahalar karen mota, amma wa'azi zai fito, domin abin da ya hana nasa zama wa'azi shi ne yadda yake shiga jikin wanda yake suka har ka ji tausayinsa kana dariya.

Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, takarda ta fi zaluntar ta fiye da kowa. Kiɗanta, amada, na cikin gida ne, na suna da biki, ƙorai a kife wasu a kan ruwa, mata zalla ko kusan haka. Rubuta abin da take faɗa game da kishiya ko jikin mace ko macen da ba ta da sana'a, ka miƙa wa wanda bai taɓa ganin ta ba, zai ce ko dai batsa ce ko zancen da bai taka kara ya karya ba. A tsakar gida kuwa, tana faɗa tana juyi, tana nuna wata da baki, guɗa na tashi, matan da suka shekara suna haɗiye magana suna jin an faɗa musu ita da ƙarfi a wurin da ba mai hana su shewa. Wa ya isa ya faɗi wannan, a gaban wa, da wace fuska: nan ma'anar take. Haka abin yake a fagen dambe, inda makaɗi Ɗan'anace ke kiran ɗan dambe Shago. Ana auna waƙar ne da abin da ta yi wa ɗan damben a take, ko ta tsuma shi ya fito yana kirari ko ba ta tsuma shi ba.

Wani zai ce to, wannan duk waƙar baka ce, rubutacciya fa? Ita ai marubucinta ya auna ta da ma'auni, ya daidaita amsa-amo, ya ajiye, ba ta bukatar kowa. Ban yarda ba gaba ɗaya. Imfiraji ta Aliyu Namangi an buga ta a Zariya, an karanta ta a makarantu, amma ba ta wannan hanyar ta shiga gidajen mutane ba. Ta shiga ne ta bakin makafi da almajirai masu rera ta a ƙofar gida da tasha da bakin kasuwa, ɗaya na ja ɗaya na karɓa, da wata murya mai karya zuciya wadda ta dace da zancen mutuwa da kabari da hisabi. Shi ma Namangi makaho ne, da baki ya tsara ta wasu suka rubuta. Mawallafa irin su Aƙilu Aliyu kuwa sun san haka sarai, shi ya sa suke zuwa gidan rediyo su rera da kansu. Bahaushe bai saba karanta waƙa a zuci ba. Ko shi kaɗai ne a ɗaki, in ya ɗauki takardar sai ya nemo mata karin da zai ɗora ta a kai.

Na'urar ɗaukar murya ta yi mana babban alheri, wannan ba abin musu ba ne. Ba don faifan garmaho da taskar Rediyon Kaduna da kaset ba, da Narambaɗa ya zama labari kawai, kamar ɗaruruwan makaɗan da suka riga shi waɗanda ko sunansu bai iso mu ba. Amma ta zo da wani ruɗi. Faifai yana da iyakar mintuna, saboda haka makaɗi ya koyi datse waƙa ta shiga. Ɗakin ɗauka ba shi da jama'a, saboda haka ya koyi yi wa bango waƙa. Mafi girma, abin da aka ɗauka rana ɗaya ya zama shi ne waƙar a kunnen miliyoyin mutane, har in makaɗin ya zo gari ya yi ta dabam, a sami mai cewa ya yi kuskure. Yanzu da waƙoƙin suka koma waya, ana tura su ba ranar ɗauka, ba wuri, ba sunan makaɗan da ke bayan jagora. Nazarinmu ma ya bi wannan sawun. Muna da kundaye masu yawa a kan jigo da salo da adon harshe, duk abubuwan da ake iya nunawa da yatsa a shafi. Waɗanda suka ɗauki waƙa ɗaya suka jera yadda aka yi ta a wurare uku, suka tambayi me ya sauya kuma don me, ba su kai yadda ya kamata ba, alhali nan ne makaɗin yake bayyana.

Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fina-finan Kano suka rungumi waƙa da rawa, tsarin ya kife gaba ɗaya. A da ana yin waƙa a fili, in an yi sa'a a ɗauka. Yanzu a sutudiyo ake haifar ta: mai fiyano ya haɗa kiɗa, mawaƙi ya shiga ya ɗora murya layi-layi, kwamfuta ta gyara inda ya kauce, sannan a fita da ita fili. A fim, jaruma ce ke motsa baki, mai muryar tana can ba a ganin ta, kuma an daɗe kafin masu kallo su fara sanin sunayen matan da suke ji. A wurin biki, sau da yawa mawaƙi yakan riƙe makirufo ne kawai, DJ ya saki waƙar, shi kuma ya bi ta da leɓe yana karɓar liƙi.

Ba na cikin masu cewa fiyano ce ta kashe waƙar Hausa. A cikin mawaƙan sutudiyo akwai masu kaifin harshe da sanin karin magana da ba za su ji kunya a gaban magabata ba, kuma sun kai Hausa kunnuwan da kalangu bai kai ba. Matsalar da nake gani ɗaya ce, kuma ba ta kayan kiɗa ba ce: waƙar da aka riga aka rufe a cikin na'ura ba ta da ido. Ba ta san wa ya shigo ba. Ba za ta tsawaita don amarya ta fashe da kuka ba, ba za ta gajarta don fili ya yi sanyi ba, ba za ta tsallake kowa ba sai wanda aka tsallake tun a sutudiyo saboda bai biya ba. Kuma jama'a suna jin wannan ko ba su faɗa ba. Duba abin da ke faruwa a biki in mawaƙin ya ɗaga hannu aka tsayar da na'ura, ya kama sunan uwar ango da muryarsa ta Allah, ya jefa mata kirari biyu da ya ƙirƙira a wurin. Nan ne fili ke tashi, nan ne kuɗi ke zuba. Mawaƙan da suka iya wannan sun san shi ne jarinsu, waɗanda ba su iya ba kuwa ba sa yarda a kashe na'urar.

Saura batun gado, wanda ya fi kowanne wuya. Kayan kiɗa ana iya ajiye su, hannu ne ba a iya ajiyewa. A Nijar, Malam Maman Barka, gwanin gurmi da ya rasu a 2018, sai da ya tafi yankin Tafkin Chadi ya zauna gaban Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, kayan kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, ya koya daga hannu zuwa hannu, domin ba wata hanyar. A ƙasar Hausa gidajen kiɗa sun daɗe suna yin haka ba tare da an kira shi komai ba: yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya koma ƙaramar ganga, ya shiga amshi, ya yi shekaru yana kallon ƙeyar jagora kafin a ba shi gaba.

Shi ya sa, a kunnena, zuriyar Ɗanƙwairo suka fi samun sauƙin riƙe waƙoƙin gidansu fiye da masu bin sawun Shata. Fasahar Ɗanƙwairo a rarrabe take cikin ƙungiya, kowane ɗan amshi yana ɗauke da wani yanki nata, saboda haka da jagora ya kau, ginin bai rushe duka ba. Ta Shata kuwa a kai ɗaya take zaune, kuma abin da ya sa ta zama tasa shi ne ba ta maimaita kanta. Tun rasuwarsa a 1999 an yi masu kwaikwayonsa da dama, wasu har muryar sun kamo, ka ji su daga nesa ka waiga. Sai dai mafi yawansu kaset suka haddace. Suna shiga inda ya shiga a wannan ɗaukar, su yi shiru inda ya yi shiru, su gode wa wani attajiri kan motar da ya bayar shekara arba'in da suka wuce, alhali mai bikin da ya gayyato su yana zaune a gabansu yana jiran a kira sunan ubansa.